Daga Auduga Zuwa Zaren Gilashi: Taƙaitaccen Tarihin Tantunan Mina

Gabatarwa

Idan aka ce tarihi, abin da yakan fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar birane. Ba kasafai muke tunawa da cewa ƙananan kayan da muke amfani da su yau da kullum su ma suna da nasu tarihin ba. A wannan maƙala na ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato yadin da ake kafa rumfa da shi don a sami inuwa. Na zaɓi in bi tarihinsa a kwarin Mina, domin yana cikin wuraren da aka fi tara tantuna wuri guda a duniya, kuma da wuya a sami unguwa a ƙasar Hausa wadda ba ta da alhaji ko hajiyar da ta taɓa kwana a ƙarƙashinsu. Abin da nake son mai karatu ya gani shi ne, zaɓen yadin rumfa da yadda ake kula da shi magana ce da takan kai ga rai da mutuwa.

Kafin in shiga ciki, ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗan tsaya a kan kalmomi. Muna da "rumfa", wadda akan yi da kara ko zana ko kwano ko yadi. Muna da "laima", wadda muka aro daga kalmar Larabci "al-khaima", ma'ana tanti. Bahaushe ya manne "al" ɗin Larabci a jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa "littafi" da "labari" da "liman". Su kuwa "tanti" da "tamfol" daga Turanci suka shigo. Har wa yau akwai wata "laima" da ake rubutawa iri ɗaya da ta farko, wato danshi, kuma za mu gani nan gaba cewa wannan laimar tana cikin manyan abokan gaban waccan.

Mina da Buƙatar Inuwa

Mina kwari ne da duwatsu suka sa a tsakiya, kimanin kilomita 7 gabas da Masallacin Harami na Makka. Alhazai sukan sauka a can ranar 8 ga Zulhajji, su wuce Arfa ranar 9, su komo ranar Salla, sa'an nan su zauna kwanakin jifa. Ke nan gari ne da yake cika maƙil na 'yan kwanaki, ya kuma zama kango a sauran shekara. Da yake watannin Musulunci suna zagaya shekarar rana, aikin hajji yakan faɗo wani lokaci cikin sanyi, wani lokaci kuma cikin tsananin zafi.

Wanda yake ganin inuwa ƙaramin abu ce ya dubi hajjin 2024. A waccan shekara zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun bayyana cewa fiye da mutum 1,300 sun rasu. Akasarinsu waɗanda suka shiga ba tare da takardar izinin hajji ba ne, saboda haka ba su da tantin da za su fake a ciki. Tun fil azal matsalar Mina ke nan: yadda za a sama wa ɗimbin jama'a inuwa a ƙuntataccen wuri, cikin ɗan lokaci.

Tantunan Da

Larabawan ƙauye sun daɗe da samun amsar da ta dace da zamansu. Matansu sukan saƙa gashin baƙaƙen awaki su yi tantin da suke kira "baitush sha'ar", wato ɗakin gashi. Saƙar ba ta da matsi, don haka iska mai zafi takan fita ta ƙofofinta, kuma idan ruwa ya sauka gashin sai ya kumbura ya toshe su. Ayarin alhazai na manyan ƙasashe kuwa da tantunan yadi suke tafe. A Alƙahira, kusa da ƙofar gari da ake kira Bab Zuwaila, akwai wani rufaffen titi da Ridwan Bey ya gina wajen 1650, wanda ya shahara da sunan titin maɗinka tanti. Shi wannan Ridwan Bey ya yi fiye da shekara 20 yana jagorancin ayarin alhazan Masar. Maɗinkan titin sun ƙware wajen ɗora ƙyallaye masu launi a kan yadin auduga mai kauri, ta yadda tanti zai kasance da ƙarfi a waje da ado a ciki.

A zamanin raƙuma yawan alhazai bai kai ya kawo ba, kuma kowane ayari yakan kafa nasa zango da tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa. Jirgin ruwa mai tururi, daga baya kuma jirgin sama, su suka canza lissafin. Kakanninmu da sukan shafe shekaru a hanyar Chadi da Sudan sai ga jikokinsu suna isa Jidda cikin sa'o'i. A 1977 alhazan Nijeriya kaɗai sun haura 100,000. Kwarin bai ƙara faɗi ba, sai dai tantunan suka riƙa matsowa kusa da juna, har ya zama igiyar wannan tana ratsa ta wancan. Muɗawwifai, wato masu hidimar saukar alhazai, su ke kafa su gab da hajji, su kuma kwance su a adana idan an watse. Kusan dukansu fararen tantunan auduga ne.

Halin Auduga

Ba a banza aka zaɓi auduga ba. Tana da araha, tana naɗuwa, kowane maɗinki zai iya yi mata faci, kuma tana numfashi, wato tana barin iska da tururin jiki su ratsa. Idan ta jiƙe zarenta yakan kumbura ya matse saƙar, ruwa ya gangare. Amma tana da abokan gaba uku. Na farko rana, wadda take cin ƙarfin zaren a hankali har ya riƙa yagewa da ɗan ja. Na biyu laima, domin idan aka naɗe yadin auduga da sauran danshi, fumfuna za ta kama shi, ya yi baƙaƙen ɗigo, ya yi wari, daga ƙarshe ya ruɓe. Na uku kuwa, wanda ya fi duka muni, shi ne wuta. Busasshiyar auduga da ta sha rana ba ta da bambanci da ciyawar rani.

Wani lokaci ma dabarar da aka yi don maganin abokin gaba guda ita take buɗe wa ɗayan ƙofa. Misali mafi tsanani ya faru ne a Amurka, a garin Hartford, ranar 6 ga Yuli 1944. Wani kamfanin masu wasa da dabbobi da ƙundumbala ya shafe ƙaton tantinsa na auduga da kakin kyandir da aka narka cikin fetur, don kada ya yi yoyo. Wuta ta kama ana cikin wasa, rufin ya cinye cikin 'yan mintuna, narkakken kaki yana zubo wa 'yan kallo. Fiye da mutum 160 suka mutu, da yawansu yara. Na kawo wannan labari ne don a ga cewa tun kafin tsakiyar ƙarni na 20 duniya ta san abin da yakan biyo baya idan aka tara jama'a a ƙarƙashin yadin da wuta take ci.

Gobara Biyu

A Mina abubuwa uku ne suka haɗu: yadi mai cin wuta, cunkoso, da kuma tukunyar gas wadda ta maye gurbin itace da gawayi wajen girki. A watan Disamba 1975 wata tukunyar gas ta fashe a cikin tantuna, gobara ta tashi, kimanin mutum 200 suka rasa rayukansu. A waccan shekarar ce kuma Sami Angawi, wani masanin zanen gine-gine ɗan Makka, ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, aka shiga nazarin yadda alhazai suke zama da tafiya. Duk da haka tantin auduga ya ci gaba da zama ɗakin alhaji har shekara 22 bayan wannan.

Ranar Talata 15 ga Afrilu 1997, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji 1417, alhazai kimanin miliyan 2 suna haramar tafiya Arfa, sai wuta ta sake tashi gab da tsakar rana. Wannan karon ma tukunyar gas aka ɗora wa laifi. Ana iska mai ƙarfi a ranar, ita ce ta riƙa ɗaukar wutar daga wannan tanti zuwa wancan, tukwanen gas da ke ciki suna fashewa bi da bi. Kimanin tantuna 70,000 suka ƙone, kimanin mutum 340 suka rasu, fiye da 1,000 suka ji rauni. Mafi yawansu mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash ne, kuma da dama turmutsutsun gudu ne ya halaka su. Bayan wannan musiba ce gwamnatin Sarki Fahad ta yanke shawarar a raba Mina da tantin auduga.

Yadin da Wuta Ba Ta Ci

Yadin da aka koma wa haɗin abu biyu ne. Na farko zaren gilashi, wato gilashin da aka narka aka ja shi sirara kamar gashi, aka saƙa shi kamar yadda ake saƙa auduga. Da yake asalinsa rairayi ne, ba ya kamawa da wuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Na biyu wani sinadari ne da aka fi sani da sunan Teflon, wanda Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya gano a 1938. Shi ne ake shafa wa kaskon suyar nan da abinci ba ya kamawa a jikinsa. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 327, ba ya shan ruwa, datti ba ya manne masa sosai, kuma rana ba ta cinsa. Hasali ma idan sabo ne yakan zo da ɗan launin ƙasa-ƙasa, rana ce take mayar da shi fari fat. Idan aka lulluɓe saƙar gilashi da wannan sinadari, sai a sami yadin da zai yi shekaru masu yawa a waje.

An fara rufa gini da shi a wata kwaleji a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1973. Amma aikin da ya fito da shi sarari shi ne masaukin alhazai na filin jirgin saman Jidda, wanda aka kammala a 1981. Rufinsa tantuna 210 ne, kowane ɗaya mita 45 tsawo mita 45 faɗi, an rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen ginshiƙai. Injiniyan da ya tsara shi, Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka ne. Farin yadin yana mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu na zafin rana, ya bar haske kaɗan ya shigo, iska mai zafi kuma ta fice ta wata kafa da ke ƙololuwar kowane tanti. Ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1983.

Irin wannan yadi aka yi amfani da shi a Mina, aka yi aikin mataki-mataki cikin 'yan shekaru bayan gobarar. An kafa dubun-dubatar tantuna a kan firam na ƙarfe da aka dasa a ƙasa, akasarinsu mita 8 tsawo mita 8 faɗi. Aka raba su unguwa-unguwa da hanyoyi a tsakani, aka sa na'urorin sanyaya iska da famfunan feshin ruwa da mesar kashe wuta, aka kuma hana shiga da tukunyar gas wuraren ibada a kwanakin hajji. Tun daga lokacin ba a sake ganin gobara irin ta 1997 a Mina ba.

Me Ya Jawo Jinkiri?

Nan ne tambayar da ta fi damuna take. Tsakanin 1981 da 1997 shekara 16 ne. A duk tsawon wannan lokaci alhaji yakan sauka a Jidda a ƙarƙashin rufin da wuta ba ta ci, sa'an nan ya je Mina ya kwana a ƙarƙashin auduga. Ilimin yana nan, yadin yana nan, to me aka jira?

A ganina dalili biyu ne. Na farko tsada, domin yadin gilashi ya ninka na auduga kuɗi nesa ba kusa ba, kuma da wuya mutum ya yarda ya kashe dukiya mai yawa a kan ɗakin da za a yi kwana biyar a ciki. Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma yana cikin halin yadin kansa. Zaren gilashi yana jure ja, amma ba ya jure lanƙwasa. Idan aka yi ta ninke shi ana warwarewa, siraran zarurrukan sukan karye a kan layin ninki, yadin ya mutu. Ke nan ba zai yiwu a kafa shi bana a kwance a kai ma'aji sai baɗi ba. Wanda ya zaɓe shi tilas ya bar tanti a tsaye shekara da shekaru, ya yi masa harsashi da hanya da ruwa da lantarki, ya kuma ɗauki masu wanke shi da duba ɗinkinsa kafin kowane hajji. Canza yadi ya zama canza tsarin saukar alhazai gaba ɗaya, har da sana'ar waɗanda suka gaji kafa tanti da kwance shi. Irin wannan canji ba a cika yinsa ba sai wuya ta yi wuya, kuma abin baƙin ciki, a nan rayuka ne suka biya kuɗin jinkirin.

Laimomin Madina

Misalin Madina zai ƙara fito da wannan magana. A 1992 an kafa manyan laimomi 12 a farfajiyoyi biyu da ke cikin Masallacin Annabi (SAW), sa'an nan a 2010 aka kammala wasu 250 a filin da ya kewaye shi, kowace kimanin mita 25 a kowane gefe. Kamfanin Mahmoud Bodo Rasch ne ya tsara su, wani Bajamushe da ya musulunta, wanda ya daɗe yana nazarin tantunan hajji. Waɗannan laimomi ana buɗe su da safe a rufe su da dare, domin zafin da daɓen ya sha da rana ya sami hanyar tashi sama. Laimar da za a buɗe a rufe kullum ba za ta yiwu da zaren gilashi ba. Saboda haka sai aka mayar da sinadarin nan na Teflon zare, aka saƙa shi zalla, aka sami yadi mai laushi da yake ninkuwa ba ya karyewa. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, amma yadi biyu, domin ɗaya tsayawa zai yi, ɗayan kuwa naɗewa.

Abin da Ya Shafe Mu

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna tara jama'a a ƙarƙashin yadi, a wurin ɗaurin aure da suna da zaman makoki da kasuwannin ƙauye da harabar masallatan Juma'a. Ba mu da kuɗin yadin gilashi, amma tambayoyin da Mina ta koya mana namu ne: rumfar nan tsayawa za ta yi ko naɗewa? Mutum nawa za su zauna a ƙarƙashinta? Akwai wuta a kusa?

Yadin da ake samu a kasuwa kusan iri huɗu ne. Akwai na auduga, mai sanyin inuwa, amma mai tsoron danshi da wuta. Akwai tamfol mai kauri da aka shafe da roba, irin na manyan motoci da masu hayar rumfa, wanda yake tare ruwa sarai amma ba ya numfashi, don haka yana buƙatar tsawo da buɗaɗɗen gefe. Akwai yadin akirilik, wanda aka rina zarensa tun kafin a saƙa, shi ya sa launinsa ba ya saurin koɗewa, sai dai yana da tsada kuma wuta tana cinsa idan ba a yi masa magani a masana'anta ba. Na ƙarshe shi ne shuɗin tamfol na leda mai saƙar buhu, wanda ya fi duka araha. Rana takan cinye shi da wuri, idan kuwa ya kama wuta narkewa yake yi ya ɗiga a jikin mutane. Araha dai ba ta ado. Game da launi, fari ya fi mayar da zafi, baƙi da shuɗi kuwa shanye shi suke yi su juye wa na ƙasa.

Wajen kulawa, kada a naɗe yadi sai ya bushe ƙarau, ko da kuwa raɓa ce kawai ta taɓa shi. A kakkaɓe ƙurar hunturu da tsintsiya mai laushi, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai. Kada a kuskura a goge shi da fetur ko kananzir, kada kuma a shafa masa mai ko kaki da sunan maganin yoyo. A kafa shi da gangare don kada ruwa ya taru ya yi masa tumbi, a ja shi ya miƙe don kada iska ta yi ta kaɗa shi yana gogar ƙarfe, a kuma sauke shi idan hadarin farkon damina ya taso. Ƙaramar yaga a ɗinke ta yau, gobe ta zama babba. Idan za a adana, a ɗora shi a kan katako nesa da ƙasa saboda gara da ɓera. Uwa uba, murhu da tukunyar gas da injin wuta su yi nesa da rumfar da mutane suke ciki, a kuma bar hanyar fita a buɗe.

Kammalawa

A taƙaice mun ga yadda Mina ta tashi daga tantin gashi da na auduga ta koma na zaren gilashi, mun kuma ga cewa auduga ba ta zama haɗari ba sai da jama'a suka yi yawa, tazara ta ƙare, gas ya shigo. Kowane yadi yana da abin da yake jurewa da abin da yake kashe shi, kuma wanda ya saye shi ya sayi ɗawainiyarsa tare. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu juya mu dubi namu na gida, mu tambayi masu saƙar zana da asabari da maɗinkan tamfol da masu hayar rumfa, mu rubuta kalmominsu da dabarunsu tun suna raye. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Mina, ya kuma kiyaye mu da musibar gobara, amin.